Harafi Ɗaya

Ofishinmu a ƙasan asibiti yake,
bayan ɗakin wanki, jikin injin sanyaya iska.
Jidda na can sama tana gumi,
ni ina nan cikin rigar sanyi
ina mayar da ciwon mutane lamba.

Ban taɓa ganin hanji ba.
Na san shi dai yadda direba ya san hanyar Makka:
ga hawa, ga miƙe, ga gangara,
ga kwanar ƙarshe mai lanƙwasa,
kowace tasha da lambarta.
Likita ya shiga da fitila a bakin siririn tiyo,
ni in bi sawunsa a rubuce.

Ranar Talata, bayan la'asar,
fayil na talatin da bakwai ya buɗe.
Namadi Jibo Hausawi, shekara sittin da takwas.
Na janye hannuna.
Baba Namadi mai tsire,
da ke ƙara min yanka biyu a kan na riyal biyar
tun ina 'yar firamare, tun kafin a rushe Sabil.
Mai tsire da tsiro.
Ban yi dariya ba.

Tsiro biyu, in ji rahoto, an cire.
Ɗaya kamar ƙwayar dawa,
ɗaya ya kai wake, har da ɗan wuya.
A ina? Dakta Ruwaida ba ta ce ba.
"A babban hanji." Shi ke nan.
Kamar ka tambayi gidan mutum a ce maka "a Jidda".
Akwai lambar da muke ba irin wannan,
ta "ba a fayyace ba",
kwandon da gajiyayye ke zuba komai.
Na sha zubawa, ba zan ɓoye ba.
Yau kam na rubuta mata:
Don Allah, wane ɓangare?
Kuma me ɗakin gwaji ya ce?

Don a littafinmu harafi ɗaya ne tsakani.
C, daji.
D da sha biyu, tsiro kawai,
baƙon da ya shigo gida ba wuƙa a ƙugunsa.
Maƙwabta ne a madannai, ɗaya bisa ɗaya,
yatsa guda ke buga su.

Kwana biyar fayil yana rataye.
Kwana biyar ina wucewa ta tukubarsa.
Ɗansa Ukasha ke juya nama,
shi yana kujerar roba, hula a gwiwa.
"'Yar likita, ya aiki?"
Ni ba likita ba ce, Baba.
Na san girman abin da aka ciro daga cikinsa
amma ba ni da ikon cewa sannu da jiki.
Na sa hannu a kan wannan shirun
ranar da aka ɗauke ni aiki.
Idona ya kawo ruwa,
na ɗora wa hayaƙi laifi.

Lahadi da safe amsa ta sauko.
Kwanar ƙarshe, dukansu biyu.
Babu daji. A dawo dubawa bayan 'yan shekaru.
Na buga D.
Ɗaya, biyu, ɗigo, biyar.
Na duba sau uku, kamar mai ƙirga canji a kasuwar da ba ta sani ba.
Kamfanin inshora zai ga lamba ya biya.
Wani likita, wata shekara,
wanda bai taɓa cin tsiren Baba ba,
zai san inda zai fara haska fitilarsa.

Da dare shi ya fara kirana.
"Tasalla! An ce ba komai!
Wai tsiro ne, kamar na dankalin da ya kwana biyu a buhu."
Na ce, "Ashe ba ka ji daɗi ba, Baba?"
Allah ya yafe min wannan ashen.

Ya karɓi wuƙa daga hannun Ukasha,
ya ƙara yanka uku,
ya naɗe da kansa,
yajin ya yi yawa kamar kullum.